'Yan Kaya Kaɗan na Dakta Nuhu

A duk shekarun da na yi ina sayar da motoci a garin nan, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Asabar ta watan Yuni, a tsakiyar shekarun 1980, ranar da Dakta Nuhu ya shigo filinmu ya gaishe ni ya wuce ni. Ku da kuke wannan sana'a yanzu kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na sayar wa Bahaushe motar jan tirela sai mun je sikeli. Wasunku har dariya kuke yi a bayan idona, wai tsufa ne. To, ga dalilin. Ban taɓa ba da labarin a cike ba, domin ban fito da kyau a cikinsa ba.

Bari in fara da yadda wurin yake. Filin wani Bature ne, Mista Pruitt, a gabashin Greensboro, a kan hanyar da ke fita McLeansville. Motocin ɗaukar kaya muke sayarwa, sababbi da na hannu, yawanci irin wadda muke kira a-kori-kura a gida, nan kuma a ce fikof. Mu huɗu ne masu sayarwa, a samanmu shi Mista Pruitt, a bayan fili kuma garejin makanikai. Da layi ake aiki. Wanda ke kan layi shi ke tarar baƙon da ya shigo, sai fa idan baƙon ya ambaci sunan wani. Idan ya ambaci sunanka, naka ne, ko da kai ne na ƙarshe. Kuma da zarar abokin aiki ya zaunar da mutum a teburinsa, ba ka da ikon sa baki a cinikin. Ku riƙe wannan dokar, don a bayanta na fake.

Karatun injiniya ya kawo ni ƙasar Turawan nan a farkon shekarun 1970. Na yi shekara biyu, abubuwa suka cakuɗe, na bari. Da wanke motoci na fara a filin Mista Pruitt, da ya ga na san inji sai ya ce in sa nakatayi in dawo gaba. Nuhu kuwa ƙanena ne a makaranta tun Zariya, aji biyu na ba shi. Ni na tarbo shi a filin jirgi. Ni na saɓa akwatinsa na ƙarfe a kafaɗa har ɗakina a Glenwood, inda ya yi wata huɗu yana kwana a kan doguwar kujera. Ni na koya masa tuƙi, har ya kusa shigar da mu cikin shagon wanki da baya.

Sai shi ya gama nasa karatun, ya zama Dakta a kimiyyar ƙasar noma, jami'a ta riƙe shi yana koyarwa. Ya sayi gida a Summerfield, inda idan ka leƙa taga dawakin maƙwabta kake gani. Ni ina nan Glenwood a gidan haya, 'yan makaranta na kiɗa ta bayan katanga. A wajen taron suna ko na salla, mutanen da a da suke cewa a tambayi Garba, yanzu cewa suke a jira Dakta ya iso. Ina yi masa murna da baki, kuma shi bai taɓa ɗaga mini kai ba, Yaya yake kirana har gobe. Amma duk lokacin da na ji an ce Dakta, wani abu yakan ƙulle mini a rai. Sunan abin hassada, ba sai na yi masa kwalliya ba.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ne mota. Duk Bahaushen da ke garin nan, ɗan Nijeriya ne ko ɗan Nijar ko ɗan Gana, idan zai sayi abin hawa wurina yake zuwa. Nan ne kaɗai nake Dakta.

To ranar nan da hantsi na hango shi ya ajiye motarsa ya nufo ofis. Na miƙe na gyara nakatayi, a raina ina cewa yau dai ka zo hannu. Ya zo ya ba ni hannu biyu.

"Yaya Garba, barka da hantsi. Ya aiki? Ya su Anti Hadiza da Ummi?"

"Lafiya lau, Dakta. Yau a filinmu?"

"Wallahi kuwa. Wata 'yar mota nake nema."

Ina shirin jawo masa kujera, sai ya yi murmushi ya juya ya nufi wanda ke kan layi. Randy ne, abokin aikina, haifaffen yankin, mutum mai gaskiya da ya san aikinsa. Nuhu bai ambaci sunana ba. Na koma na zauna ina jin kamar an mare ni a gaban jama'a. Tsakanin teburina da na Randy wani siririn allo ne kawai, saboda haka duk abin da suka faɗa a kunnena ya sauka.

Ashe tirelar tafi-da-gidanka ya saya daga hannun wani malami da ya yi ritaya. Ga wanda bai santa ba, ɗaki ce a kan taya, da gadaje da murhun gas da tankin ruwa da banɗaki, ana ɗaura ta a bayan mota a tafi hutu da ita. Tasa tsawonta ƙafa ashirin da huɗu. Yana so ya kai iyalinsa kan duwatsun yammacin jihar su yi mako guda. Da na ji haka sai ƙullin ya ƙara tauri. Ni ban taɓa kai matata Hadiza ko bakin teku ba, Asabar ɗina duk a fili take ƙarewa.

Yanzu ku saurara, nan ne aikin yake. Mai saye yakan zo da tambaya ɗaya, wai za ta ja? Kowace a-kori-kura za ta ja a shimfiɗaɗɗen titi, ko gida ka ɗaura mata sai ta motsa. Abin da mu muke dubawa shi ne nawa aka yarda ta ja, nawa aka yarda ta ɗauka a jikinta, sannan za ta iya tsayar da kanta da abin da ke bayanta. Motocin aji-aji ne, akwai rabin tan, akwai kwata uku, akwai tan guda, kowacce da ƙarfin sifirin da birki da tayarta. Abin da mutane ke mantawa shi ne bakin tirela yana danna gindin mota da wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, ko fiye. Wannan nauyin daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi. Abin da ya rage shi ne na mutane da kayansu. A rabin tan ba ya da yawa.

Randy ya fito da takardar da muke cikewa, ya bi ta layi-layi yadda ya kamata. Nauyin tirela ba kaya, Nuhu ya kwafo daga farantin da ke jikinta, laba dubu huɗu. Sai Randy ya tambayi mutum nawa ne za su yi tafiyar.

Nuhu ya ce shi da maiɗakinsa da yara.

Randy ya ce yara nawa, biyu?

Nuhu ya yi 'yar dariya ya ce, "Alhamdulillahi, ƙanana ne." Randy ya ɗauka an ce masa e, ya rubuta biyu. Huɗu ne, ban da ƙanwar matarsa da ke zaune da su. Amma wane Bahaushe ne zai zauna gaban baƙo yana ƙirga 'ya'yansa kamar awaki?

Sai aka zo kan kaya. Ba zan manta yadda ya faɗa ba, da Turancinsa mai kyau: "Just a few things." Wato 'yan kaya kaɗan. Randy ya rubuta laba ɗari biyar, ya yi lissafi, ya ga rabin tan mai ƙananan kujeru biyu a bayan direba ta isa, har da sauran sarari. A kan abin da aka gaya masa, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ni kuwa na san mene ne kaɗan a bakinmu. Mu ne za mu ce ga ɗan abinci kaɗan, a shigo da faranti da mutum goma ba za su ga bayansa ba. Mu ne za mu gina bene mu ce mun samu ɗan wurin sa haƙarƙari. Ba ƙarya ba ce, kawaici ne, da gudun fariya, da tsoron bakin mutane. Sannan na san maiɗakinsa, Hajiya Rabi. Matar da ko wurin shaƙatawa na cikin gari za a je a wuni, sai ta ɗauki tukunyar da ake dafa wa taron suna. Kuma na san idon da Nuhu ke kallon a-kori-kura da shi, don ido ɗaya ne da nawa. Mun tashi muna ganin ana lafta mata buhuna har su wuce kan direba, mutane su hau bisa buhunan, akuya a cinya. In dai ta tashi, to ba ta yi nauyi ba. Digiri uku ba ya goge wannan daga kan mutum.

Na ɗago daga kujera zan ƙwanƙwasa allon. Sai na koma na zauna. Na ce wa kaina doka ce, ba a sa baki. Ƙasan wannan kuma akwai wata murya da ke cewa, ya zaɓi Bature, to Baturen ya yi masa. Har hoto na zana a raina: ga Dakta a gefen hanya a tsakiyar hawa, lagireto na tururi, yana neman akwatin tarho ya kira Yaya Garba. Hoton ya yi mini daɗi ƙwarai. Hawan na zana, ban yarda na zana gangaren ba, alhali na fi kowa sanin a gangare ake mutuwa. Idan gindin mota ya yi nauyi gabanta yakan ɗaga, sitiyari ya daina jin magana, tirela ta fara kaɗa wutsiya. Birki kuma idan aka daɗe ana taka shi da kaya fiye da ƙima yakan yi zafi ya saki, ka taka ka ji kamar soso.

Suka gama, aka tsayar cewa gareji za su ɗaura ƙugiyar ja da wayar birkin tirela, ya zo ya ɗauka ran Laraba, tafiya kuma Asabar mai zuwa. Da zai fita sai ya biyo ta teburina, ya nuna mini ita ta taga, wata shuɗiya mai ratsin fari.

"Yaya, ga wadda na ɗauka. Ya ka gani?"

Kun ga a nan babu sauran doka. Shi da bakinsa ya tambaye ni.

Na ce, "Mota ce mai kyau, Dakta. Allah Ya sa alheri."

Ya ce amin, ya tafi yana fara'a. Ban yi ƙarya ba, motar mai kyau ce. Da wannan na yi ta lallashin kaina Lahadi da Litinin da Talata. Ran Laraba ya zo ya ɗauka, har hannu na ɗaga masa.

Ran Alhamis na dawo gida gab da magariba, na tarar gidan ya cika da ƙamshin mai. Hadiza na tsaye a kicin tana suyar cincin, ta riga ta cika roba biyu, ga dambun nama tana shanyawa a faranti. Ummi, 'yata, shekararta shida lokacin, ta rugo ta rungume ƙafata tana tsalle.

"Daddy, we're going camping!"

Na dubi uwar. Ta ce, "Au, ai ban samu na gaya maka ba, Baban Ummi. Hajiya Rabi ce ta bugo ɗazu. Wai Dakta ya ce tunda kai kana aiki Asabar, mu shirya a tafi da mu, yarinya ta ga duwatsu. Na ce sai na ji daga bakinka, amma na san ba za ka hana ba."

"Ku da wa?"

"Mu da su, sai wani ɗalibin Dakta ɗan Nijar da matarsa da yaransu biyu."

"Ku nawa ke nan?"

Ta harare ni. "Yau kuma ƙirga mutane ake yi?"

"Hadiza, ku nawa?"

Ta lanƙwasa yatsu tana motsa leɓe, ta ce goma sha uku.

"A ina za ku zauna?"

"An sa wa bayan motar rumfa, za a shimfiɗa katifa yara su zauna. Mu mata kuma a cikin tirelar, ai ɗaki ce, har shayi za mu iya dafawa a hanya."

Ta zuba mini tuwo na kasa kai loma uku. Ina kallon Ummi tana cusa 'yar tsanarta a jaka, sai ga gangaren da na ƙi zanawa ya zana kansa, da katifa, da ita a kai.

Da sassafe ran Juma'a na kama hanyar Summerfield. Na tarar an riga an ɗaura tirela, ana lodi. Jama'a, kun taɓa ganin kaɗan? Buhun shinkafa biyu. Jarkokin mai. Kuloli uku shaƙe da naman rago da ƙanƙara. Tukwane a cikin tukwane, tabarmi, butoci, janareto, kekunan yara huɗu, katifu. An cika tankin ruwa fal, wai kada a rasa na alwala. A can ƙuryar bayan motar kuma ga turmin Hajiya Rabi da taɓaryarsa, wanda ta taho da shi tun daga gida. Gindin motar ya durƙusa har ya kusa rufe taya, fitilun gaba suna kallon saman bishiyoyi.

Nuhu ya fito da murna. "A'a, Yaya da kansa! Ka zo duba aikin ƙanenka?"

"Nuhu, motar nan ba za ta yi tafiyar nan ba."

Rabon da in kira shi da sunansa har na manta. Ya tsaya yana kallona.

"Haba Yaya. Randy ya yi lissafi, ya ce za ta ja. Jiya ma na zaga da ita unguwa, lafiya lau ta ja."

"Ja kam za ta ja. Tsayawa fa? Kai ka ce wa Randy kaya kaɗan."

Ya waiga ya dubi tulin, da gaskiyarsa ya ce, "To ai kaɗan ne. Ba mu ɗauki firiji ba."

Ban tsaya gardama da mai digiri uku ba. Na ce ya ba ni makulli ya shiga gefe. Akwai wani kamfanin abincin dabbobi wajen McLeansville mai sikelin da manoma ke auna motocinsu, can na nufa. A hanya sitiyarin ya yi sakwaf a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Muna kan babban titi, ban ma kai gudun da aka ƙayyade ba, wata babbar mota ta wuce mu. Iskarta ta bugi tirelar, ta yi hagu, ta yi dama, ta fara jan gindinmu tana wasa da shi. Na ɗage ƙafa daga totur, na matsa birkin tirelar da hannu a hankali har ta miƙe. Da na waiga, Nuhu ya dafe gaban mota da hannu biyu yana salati.

Na ce, "Wannan a miƙaƙƙen titi ke nan, kuma ba kowa a baya."

A haka muka lallaɓa muka hau sikeli. Aka auna tayoyin gaba daban, na baya daban, tirela daban, mai sikelin ya miƙo mana 'yar takarda. Tayoyin baya sun haura abin da aka rubuta a jikin ƙofar motar da laba ɗari bakwai da wani abu, kuma mu biyu ne kawai a ciki. Nuhu mutumin lamba ne. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Yaya, yanzu ya za a yi?"

Kai tsaye muka wuce fili. Mista Pruitt ya dubi takardar sikeli, ya leƙa taga ya dubi motar, ya kira Randy ya zo da takardar ciniki. Ya bi ta bai ga kuskure ba. Sai na yi musu bayanin kaɗan, da dalilin da ya sa ba mu ƙirga 'ya'ya. Randy ya riƙe kai yana cewa shi fa biyu ya ji. Mista Pruitt ya ce za a karɓi shuɗiyar a mayar, Randy ya kai Dakta ya nuna masa wata kwata uku mai ƙofa huɗu da ke bayan fili. Da suka fita na juya zan bi su, ya ce in tsaya in rufe ƙofa.

"Garba, teburinka na jikin na Randy. Ka ji cinikin nan ran Asabar?"

"Na ji."

"Ka gane abin da yake nufi tun a lokacin?"

"Na gane."

"Yau Juma'a. Me ya canza?"

Na so in ce doka ce ta hana ni. Bakina ya ƙi. Na ce, "'Yata za ta shiga motar."

Mutum ne mai faɗa, na sha ganin ya yi wa ma'aikaci tsawa har a jiyo a gareji, amma ran nan murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, kuma da tsawar ya yi da ta fi mini sauƙi. Ya ce an kafa dokar ne don kada wani ya ƙwace wa wani mai saye, ba don a zuba ido mutum ya gangara dutse da iyalinsa ba. Ya ce cinikin na Randy ne, sunana ba zai shiga ko'ina ba. In cire nakatayi in shiga gareji, kada in fito sai sabuwar motar ta shirya. Gobe kuma ba ya son ganina a fili, in bi su a baya da motata.

Haka aka yi. Na fita na yi sallar Juma'a na dawo na sa kayan aiki. Motar mai babban inji ce, giyar bayanta irin ta jan kaya ce, mai ƙarfi ba mai gudu ba. Muka ƙara mata ɗan lagireton sanyaya man giya, muka ɗaura ƙugiya mai sanduna biyu da ke raba nauyin bakin tirela zuwa tayoyin gaba, muka sa dogayen madubai. Randy ya shigo wajen la'asar ya miƙo mini ruwan sanyi. Abin da ya ce kawai shi ne, shekara huɗu muna zaune allo ɗaya ne tsakaninmu, ƙwanƙwasawa ɗaya ta isa.

Duk da babbar mota sai da na sa aka rage kaya. Aka zubar da ruwan tanki, za a cika a can. Buhu ɗaya ya koma, janareto ya koma. Na ce ba mai zama a tirela tana tafiya, ba kuma yaron da zai hau baya. Shida a a-kori-kura, sauran a doguwar motata ta iyali. Hajiya Rabi ta yarda da komai har aka zo kan turmi.

"Malam Garba, turmin ma? To da me zan daka yaji?"

"Hajiya, ki daka yau ki ƙulla a leda."

"Kai dai ka cika tsanani. Shi ya sa Dakta yake tsoronka."

Na ɗauka wasa take yi.

Ran Asabar muka tafi, shi a gaba ni a baya, idona a kan fitilun birkin tirelar. Da muka fara hawan dutse sai ga wasu gajerun hanyoyi a ɗaya hannun, a gefen masu saukowa, kowacce ta ƙare a tulin yashi. Ummi ta tambaya na mene ne. Na ce na motocin da birkinsu ya ƙi ne. Ta ce kuma suna tsayawa? Na ce wasu.

Mun isa lafiya. Bayan la'asar mata na hura wuta, yara na gudu a cikin bishiyoyi, ni da Nuhu muna zaune a tabarma a inuwar tirela. Abin da ke cina tsawon mako guda ya fito da kansa.

"Nuhu, wai me ya sa ka wuce ni ran nan ka je wurin Randy?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

"Yaya, kai fa ka ɗauki akwatina a kafaɗa. Ta yaya zan zauna a kujera kana cike mini takarda kamar wani baƙo? In ka faɗi kuɗi ba zan iya cewa ka rage ba, kai kuma na san ba za ka iya cin ko sisi a kaina ba, sai dai ka cuci kanka. Da Bature kuwa sai in yi ciniki ido a bushe. Shi ya sa na ce in gama da shi, sannan in zo in ji ta bakinka. Wallahi da ka ce a'a ran nan, a nan zan bar ta. Da ka ce mai kyau ce, sai hankalina ya kwanta."

Ya ɗago ya yi dariya. "Ashe kai ma ba ka san Hajiya za ta ɗauki turmi ba."

Na yi dariyar tare da shi. Wannan ita ce dama ta biyu da ya ba ni in faɗi gaskiya, ita ma na bar ta ta wuce.

Da muka dawo ya bi gari yana ba da labari, a masallaci, a wajen suna, wai Yaya Garba ne ya cece su, ya bar aikinsa ya zo har gida da sassafe. Mutane suka ƙara tururuwa wurina, har daga wasu garuruwa. Girman da na yi shekaru ina ƙyashin an ba shi, shi da kansa ya ɗauko ya ɗora mini, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba. Daga baya ya koma gida da iyalinsa. Ya rasu a Zariya yana kirana Yaya, bai taɓa sanin na ji komai ta bayan allon nan ba. Allah Ya jiƙansa.

To kun ji dalilin sikeli. Kaɗan ba lamba ba ce, kuma mutumin da ya ce maka kaɗan ba ƙarya yake yi ba, tarbiyyarsa ce ke magana. Kada ka sa shi ƙirga 'ya'yansa, ka ce masa ya lodo duk abin da zai tafi da shi ku je a auna. Kada ka tsaya a kan za ta ja, ka tambayi za ta tsaya. Wannan duk mai sauƙi ne, a mako guda za ku iya.

Mai wuyar shi ne ɗayan. A sana'ar nan za ku ga wanda kuka girma ya shigo sayen abin da ku ba za ku iya saya ba, wani lokaci ma ya wuce ku ya je teburin wani. Ranku zai ɓaci, ba zan ce muku ba zai ɓaci ba. Amma idan ya juyo ya ce ya ka gani, ku ba shi amsa kamar 'yarku ce za ta zauna a baya. Ni sai da aka saka mini tawa sannan na buɗe baki, alhali tun ran Asabar ɗin farko na san akwai yara huɗu a motar nan, kuma duk ni na je sunansu.